Rigar Sambo

Akwai abin da Hajo ta ɓoye wa kowa a Gubuchi, har da yayanta Sama'ila da take zaune a gidansa: ta manta fuskar mijinta.

Sambo ya rasu tun 'yarsu Ni'ima tana rarrafe. Ciwon ciki ne ya kama shi ana tsakiyar saran rake, kafin a ce za a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. A shekarun farko, da Hajo ta runtse ido sai ga shi tsaye a bakin ƙofa, ƙafafunsa duk taɓon fadama. Sannu a hankali fuskar ta soma koɗewa kamar atamfar da ta sha wanki. Hoto ɗaya ya bari a duniya, na jikin katin zaɓe, shi ma wata damina ɗaki ya yi yoyo a kansa, ya koma wata inuwa mai hula. Yanzu in ta neme shi a zuciyarta, riga da hula take tararwa, babu mutum a ciki. Abin yana ci mata rai, yana kuma ba ta kunya, don a ganinta matar kirki ba ta mance mijin da bai taɓa ɗaga mata murya ba.

Zawarawa kuwa ba irin waɗanda ba su zo ba. Duk ta sallame su da fara'a, har mutanen gari suka gaji suka bar ta da suyar ƙuliƙulinta. Sai bana Ɗayyabu ya ɓullo, mai gyaran injin ban-ruwa a Makarfi, wanda matarsa ta rasu, mutum mai sanyin magana. Kar mu yi wa Hajo kara, tana son shi. Ranar da zai zo, tun hantsi take neman kwallinta. Amma ta riga ta ƙulla a ranta cewa ranar da ta shiga ɗakin wani namiji, ɗan abin da ya rage mata na Sambo zai ƙarasa gogewa, kuma ita ce za ta goge shi da hannunta. Shi ya sa in Ɗayyabu ya tambaya sai ta ce tana shawara.

"Hajo, shawarar nan ta tsufa," in ji Sama'ila wata safiya. "Bawan Allah yana ta ƙona mai a hanya. Kafin a gama saran raken bana ki ba shi amsa, ko e ko a'a."

Ta ce to, ta koma gindin murhu.

Ita kuwa Ni'ima 'yar fari ce, kuma Hajo irin matan nan ne da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai "ke" ko "yarinyar nan". Ba ta yabonta a gaban mutane, ba ta zama ta ƙura mata ido. In za ta miƙa mata tuwo, kwanon take kallo. Tana son ta kamar ranta, amma da za a ce ta faɗi yadda girar yarinyar take, da sai ta tambayi maƙwabta.

Ana cikin haka aka yi ɗan gajeren hutu, Ni'ima ta dawo daga makarantar kwana ta 'yan mata da take yi a wajen Ikara. Ta zauna a tsakar gida da takardunta tana bita da ƙarfi, yadda ta saba.

"Jigon wasan uku ne. Na farko sha'awa, na biyu ruɗin zuciya, na uku zaman mace da namiji."

Hajo ta tsaya da murza tunkuza. "Ke, sha'awar me? Abin da ake koya muku ke nan?"

"Wasan kwaikwayo ne, Inna. Malama Mukarrama ce ta rubuta da kanta. Wani manomi ne, Safiyanu, kullum yana jin wata mace tana waƙar daka a bayan katanga, sai ya kamu da son ta bai taɓa ganin ta ba. Ya daina kula matarsa. Ashe matar tasa ce, turminsu ne ya tsage take zuwa maƙwabta daka."

"Allah ya ƙara masa," in ji Hajo.

"Ranar bikin raba kyaututtuka za mu yi. Ni ce Safiyanu."

"Ke ce wa?"

"Makarantar mata ce, Inna. Namiji ɗaya gare mu, Baba maigadi, shi kuma ya ce ko a mafarki." Ta sassauta murya. "Malama ta ce kowa ta zo da kayan da za ta sa. Na ce ko za ki ara mini rigar Baba."

Rigar tana ƙasan akwatin ƙarfe, babbar riga ce shuɗiya ta zuwa Idi, da hularta. Da aka raba gado a kason Ni'ima ta faɗo, don haka ba aro ba ne, kayanta ne, kuma su biyun sun san haka. Hajo ta so ta hana. Ta ga kamar za a ɗauki abu na ƙarshe da ya rage a kai shi filin dariya. Amma ba ta da hujjar da za ta iya furtawa, sai ta fito da rigar tana ƙamshin kafur, ta ajiye a bakin gado.

"Ga ta nan. Kar ki ja ta a ƙasa."

Ranar bikin Hajo ta ce ba za ta ba, wai uwa ba ta zuwa kallon 'yar fari. Hussaina, matar Sama'ila, ta ce ai ba 'yar fari za su kalla ba, Safiyanu za su kalla, ta ja ta suka hau mota. Sun tarar an kafa rumfuna a filin makaranta, iyaye mata gefe ɗaya, maza gefe ɗaya. Aka sha jawabai har zufa ta jiƙa hijabai. Wani babban baƙo ya ce zai taƙaita, ya kuwa taƙaita har aka kusa kiran azahar. Sannan aka ja wani labule da aka haɗa da zannuwan gado.

Sai ga mutum ya fito daga bayan labulen cikin shuɗiyar riga.

Filin ya kwashe da dariya saboda gemun da aka zana masa da gawayi. Hajo ba ta yi dariya ba. Mutumin yana tafe kafaɗarsa ta hagu a sauke, irin ta wanda ya daɗe yana ɗaukar damin rake, yana jefa ƙafa a hankali kamar ƙasar tasa ce. Ya zo jikin katangar kwali ya kasa kunne. Wata yarinya a ɓoye ta soma waƙar daka. Da matarsa ta cikin wasan ta fito ta tambaye shi me yake yi a nan, sai ya rasa ta cewa, ya turo hularsa gaban goshi, ya sosa ƙeya, ya ce, "To, ai shi ke nan."

Hajo ta gyara zama. Haka Sambo yake yi, haka ɗin nan, duk ranar da ta kama shi ya ba wani aron abin da shi ma yake bukata.

A nan ne ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Kowa a filin yana kallon Safiyanu, ba wanda zai ce Hajo ta zubar da kunya tana kallon 'yarta, sai ta ɗaga ido ta kalli fuskar da ke ƙarƙashin hular, ta kalle ta sosai. Ga faffaɗan goshin. Ga girar da ta kusa haɗewa a tsakiya. Da ya yi murmushi ga wushiryar, ga ɗan lotsawar kumatun dama. Fuskar da ta yi shekaru tana lalube a duhun zuciyarta, ga ta a tsakar rana, an shafa mata gawayi, tana sauraron waƙa a jikin kwali. Ashe tana cikin gidan tun tuni, ita ce ake miƙa wa tuwo ana kallon kwano.

Hawaye suka zubo mata, ba na baƙin ciki ba. Ji ta yi kamar an sauke mata tulu daga ka bayan doguwar tafiya. Ta bar su suna zuba.

"Lafiya?" Hussaina ta raɗa mata. "Wasan dariya ne fa."

"Rana ce ta shigar mini ido."

Sauran wasan ya wuce mata kamar a ruwa. Ta dai ga an ture katangar, Safiyanu ya yi arba da matarsa riƙe da taɓarya, mata suna tafi suna cewa maganinsa ke nan.

Da aka tashi, Hussaina ta ja ta bayan aji inda 'yan wasan ke sauya kaya. Ni'ima ta cire rigar ta ninke ta a kan benci, tana goge gemu da jiƙaƙƙen tsumma. Ganin uwarta sai ta durƙusa ta gaishe ta.

"Inna, ban ja ta a ƙasa ba."

"Na gani." Hajo ta juya kai gefe yadda ta saba, sai kuma ta juyo da shi. "Ke, wa ya koya miki tafiyar nan?"

"Wace tafiya?"

"Ta sauke kafaɗa. Da turo hular. Ba ki san shi ba, kina rarrafe ya tafi. Wa ya gaya miki?"

Ni'ima ta dubi Hussaina, ta dubi uwarta, kamar mai tsoron ta yi laifi. "Malama ce ta ce kowa ta lura da yadda namijin gidansu yake tafiya. Na lura da Kawu, shi kuma kullum sauri yake kamar an biyo shi, bai dace da Safiyanu ba. Sai na ɗauki taki."

"Tawa?"

"In kina ba da labarin Baba, haka kike tashi ki yi. Ko ba labari ma, in kin dawo daga rijiya haka kafaɗarki take. In kuma Kawu ya tambaye ki abu kika rasa amsa, sai ki turo ɗankwali gaba ki sosa ƙeya. Na ɗauka ko na Baba ne kika riƙe."

Hajo ta buɗe baki za ta musa, Hussaina ta riga ta.

"Wallahi gaskiyarta. Kowa a gidan ya sani. Yayanki har cewa yake, ga Sambo nan ya motsa. Mun zaci kina sane."

Ba ta sane ba. Ta tsaya a wurin, hayaniyar 'yan mata ta kewaye ta, tana jin wani sanyi yana ratsa ta. Duk shekarun nan tana gadin akwati da ruɓaɓɓen kati, tana tsoron kar a sace mata mutum, alhali rabinsa yana fuskar yarinyar nan, rabinsa yana jikinta ita kanta. Wannan kuwa ba ɗakin da za ta shiga ya goge shi.

Ta ɗauki rigar daga bencin, ta shafa ta, ta miƙa wa Ni'ima. "Riƙe kayanki. Ki sa a akwatinki." Sannan ta karɓi tsumman, ta kama haɓar yarinyar, ta goge sauran gawayin da ya maƙale a gefen kunne. Ta daɗe tana gogewa, fiye da yadda gawayin yake bukata, Ni'ima kuwa ba ta motsa ba.

Sun iso Gubuchi da la'asar sakaliya. Amalanken shanu suna shigowa da ragowar raken bana, Sama'ila yana zaune a zaure yana gyara ƙotar gatari. Hajo ta gaishe shi, ta wuce, sai ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa.

"Yaya."

"Na'am."

"Maganar mutumin Makarfi."

Ya ajiye gatarin yana jira. Kunya ta kama ta. Can sai ta ji hannunta a ƙeya, ɗankwalinta ya riga ya sauko goshi. Ta ga Sama'ila yana danne dariya. Da jiya ne, da ba ta san abin da yake wa dariya ba. Ba ta sauke hannun ba, ta bar shi inda yake.

"To, ai shi ke nan," ta ce. "Ka ce masa ya turo manyansa."