Ƙafar Habu

Motar da Habu ke tuƙawa ta kife da shi a kan hanyar Gidigir, ranar kasuwa, bayan taya ta fashe a gangaren yashi. Ba wanda ya mutu. Fasinjoji suka tashi suna kakkaɓe jiki, shi ya kasa tashi. Ƙafar hagu ta karye a wuri biyu ƙasa da gwiwa.

Aka kai shi Damagaram, aka gyara ƙashin, aka ɗaure ƙafar da siminti har cinya, aka maido shi Gure. Majo Fadilu, babban ma'aikacin jinya na unguwarsu, ya zo gida ya duba shi. Ya ce karayar ba ta wasa ba ce, kada ya kuskura ya taka ƙafar sai likita ya ga hoton ƙashi ya ce ya haɗe. Habu ya tambaya yaushe ke nan. Majo ya ce watanni, kuma ƙashi ba ya jin lallashi.

Matarsa Rashida ta shimfiɗa masa katifa a rumfar tsakar gida. Nan yake wuni. Da farko mutane na zuwa jaje, direbobin tasha da maƙwabta, daga baya suka ragu. Bai ji haushi ba. Yakan kalli inuwar bango tana matsowa har ta rufe shi, a kawo abinci ya ci, a ɗauke kwano. Ko ciwon ma ya daina damunsa. Rashida ta fara soya ƙosai a ƙofar gida, bai tambaye ta dalili ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Da kaka ta gabato, Alhaji Ibram mai motar ya zo da kansa. Ya zauna a bakin katifa, ya yi gaisuwa mai tsawo, sannan ya ce an gyara mota, tana tsaye a gareji, ga lokacin jigilar hatsi ya zo. Ya ce shi ba ya son ya ba wani motar, amma mota ba ta zama. Ya ce akwai wani maɗori a garin Gamu da ke tayar da mutum cikin ɗan lokaci, in Habu ya yarda a cire simintin, shi zai kai shi.

Habu ya ce zai yi shawara.

Bayan la'asar, Rashida ta fito daga madafa ta tarar da shi riƙe da wuƙar yankan albasa, ya fara gurzar simintin daga sama. Farin gari ya zuba a kan katifa. Ba ta ƙwace wuƙar ba. Ta tsaya da kwanon wake a hannu.

Ta ce, “Baban Huda, in ka cire, kaka ɗaya za ka yi. Sauran shekarun fa, da wace ƙafa?”

Ya ce, “Za a ba wani motar.”

“A ba shi. Ba mu kwana da yunwa ba tukuna.”

Ta koma madafa. Ya daɗe yana kallon ƴar tsagar da ya yi. Bai ji ta yi gaskiya ba, bai kuma ji ta yi kuskure ba. Hannunsa ne ya gaji, ya ajiye wuƙar. Washegari ya aika wa Alhaji cewa ya nemi direba.

Aka ba Illa, wani abokin aikinsa na tasha. Hanyar fita gari ta bayan gidan Habu take, saboda haka kowace safiya yana jin motar ta wuce. Ya san kukan injinta cikin na sauran, ya san lokacin da Illa ke matsa mata fiye da kima. Yakan saurara har ƙarar ta ɓace, sannan ya juya fuska. Kaka ta wuce haka.

Ranar da aka yanke simintin a Damagaram, likita ya ɗaga hoton ya ce ƙashi ya haɗe daidai. Habu ya dubi ƙafar. Ta rame, ta yi fari, fata na saɓulewa, kamar ta wani. Rashida ta yi ta godiya ga Allah. Shi ya ce amin, ya nemi sandunansa.

Tafiya ma sai da ya koya. Daga rumfa zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa masallaci, yana hutawa a jikin bango. Wata rana ya isa tasha ba sanda. Illa ya gan shi, ya kauda kai, sannan ya zo suka gaisa. Alhaji bai ce ya dawo ba, Habu bai roƙa ba.

Da bazara wani mai fataucin kanwa ya nemi direban da ya san hanyoyin yashi zuwa kwarurukan da ake ɗibar kanwa, aka nuna masa Habu. Motar mutumin tsohuwar kamiyo ce, babbar motar kaya, mai taurin tuƙi. Ya hau, ya kai kaya, ya dawo da yamma, ya shigo gida yana tafiya sosai ba ɗingishi.

Rashida ta tambaye shi yadda hanya take. Ya ce da yashi. Ta zubo masa ruwa a buta, ya wanke fuska, ya ce gobe ma akwai lodi.