Sunan da Bushira Ta Kira a Bayan Rumbu

Ni fa tun farko ban so a haɗa ni da Rufaida ba. Yarinya ce 'yar Bebeji, sabuwar shiga aiki, ga rawar kai ga surutu, ni kuwa na kai shekarun da in na faɗi magana sau ɗaya ba na son maimaita ta. Amma Malama Husna, wadda ke koyar da mu take kuma kula da aikinmu, ta ce haka tsarin yake: duk sabuwa sai an haɗa ta da tsohuwar hannu. Ta ce, "Maijidda, ki riƙe ta kamar ƙanwa." Na ce to, ina hararar gefe.

Aikin namu shiga gidaje ne a ƙauyukan Doguwa, gidajen masu ƙananan yara. Mu duba abincin yaro da rigakafinsa, mu nuna wa uwa yadda za ta riƙa yi masa hira da wasa tun bai iya magana ba, don ƙwaƙwalwarsa ta buɗe. Duk ƙarshen wata kuma mu hallara a Tudun Wada, a wani ajin aro mai benci masu cizon zane. Malama Husna ta ƙara mana karatu, sannan kowa ta faɗi abin da ya gagare ta ko ya tsaya mata a rai. Ita tana kiran wannan zaman sauke kaya. Wasu su yi kuka, wasu su yi mitar kuɗin mota, ni dai mita nake yi.

A wani ƙauye gefen dajin Falgore muka haɗu da Bushira. Matar Gwadabe ce, tana zaune a gidan surukanta, da ɗanta na fari wanda bai jima da fara rarrafe ba. An raɗa wa yaron sunan kakansa, Malam Mudi, maigidan, don haka duk gidan Abba ake ce masa. Bushira kuwa ko Abban ba ta faɗa. "Wancan" take cewa, ko "yaron nan". Kunya ce biyu ta haɗu mata: ta ɗan fari da ta sunan suruki. In yana kuka sai ta yi kamar ba ta ji ba har sai Iya Safara'u, uwar mijinta, ta ce ta ɗauke shi. Ta ba shi nono fuskarta na kallon katanga, ta ajiye shi ta koma dakanta.

Rufaida ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta fara karatunta: ki kalli idonsa, ki kira sunansa, ki yi masa dariya. Kan uba! A gaban uwar miji. Bushira ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige ɗaki. Iya Safara'u ta yi murmushi ta ce 'yan boko dai ba sa rabo da abin mamaki. A hanya na wanke Rufaida tas, na tambaye ta ko a Bebejin nasu daga sama aka jefo su, ba su san kunyar ɗan fari ba. Ta ce ta sani, amma ta ga yadda Bushira ke satar kallon yaron ta wutsiyar ido, kuma abin ya tsaya mata a wuya.

Gaskiya ta faɗa, ni ma na gani. Yarinyar nan son ɗanta kamar ya kashe ta.

Rufaida ta kai maganar zaman sauke kaya. Malama Husna ba ta ce a yaƙi al'ada ba, ba ta kuma ce a haƙura ba. Ta ce mu nemi inda kunya ba ta kai, domin kunya don idon mutane ake yin ta. Sai muka sauya lokacin zuwa. Muka riƙa isa da hantsi, maza sun tafi gona, Iya ta fita kai musu fura ko ta leƙa maƙwabta. A bayan rumbun gidan akwai wani ɗan lungu inda ake tara ƙirare. Nan muke zama, ni ina gadin hanya kamar mai tsaron ɓarayi, Rufaida da Bushira da yaron suna ciki.

Da farko Bushira sai ta riƙe shi tana dariyar kunya, ta kasa cewa komai. Sannu a hankali ta fara yi masa gwalo, ta fara tafa masa hannu, ta fara yi masa 'yar waƙar da ta ƙirƙira da kanta, ta shirme, wai kaza ta sa takalmi ta tafi kasuwa. Yaron ya riƙa ƙyalƙyalewa har da shaƙuwa. Ranar da ta fara kiran sunansa, ƙasa-ƙasa ta faɗa, ta kuma toshe bakinta da hannu. Ya juyo ya dube ta. Ni da nake taƙama ba na kuka a wurin aiki, sai da na goge ido da haɓar hijabi na ce hayaƙin murhu ne.

Kafin damina ta ja baya yaron ya fara takawa, ya fara haɗa kalmomi, kuma duk inda uwarsa ta nufa yana biye da ita.

To a wannan lokacin ne Malama Husna ta ce duk wadda ta samu wani abu mai kyau a gidajenta ta ɗauko ɗan bidiyo a waya, in uwa ta yarda, don mu koya daga juna. Rufaida ta roƙi Bushira. Ta ƙi, ta ƙi, daga baya ta yarda bisa sharaɗi ɗaya: matan ajin kawai za su gani. Rufaida ta yi mata alkawari a gabana. Aka ɗauka. Bushira na durƙushe bayan rumbu tana tafi tana waƙar kazarta, tana cewa "Mudi, Mudi, zo nan," yaron na tahowa dagwai-dagwai yana faɗawa jikinta.

A Tudun Wada aka kalla, aji ya kaure da tafi. Waɗanda ke bencin baya suka ce ba su gani sosai ba, Rufaida ta tura a zauren wayarmu na ma'aikata don kowa ta kalla a tsanake. Shi ke nan fa. Wata daga cikinmu, wadda har yau ba ta fito ta ce ita ce ba, Allah ya isa tsakanina da ita, ta tura wa 'yar'uwarta wai ta ga yaro mai wayo. Zancen duniya ba ya ɓuya. Ran kasuwar Tudun Wada wani ya nuna wa Gwadabe matarsa a waya, a rumfar masu taki, mutane na dariya suna tambayarsa ko a gidansu haka ake kiran maigida gatsal.

Da labari ya iso mana, Malama Husna ta kira zaman gaggawa. Ban taɓa ganin ranta ya ɓaci haka ba. Ta ce laifin farko nata ne da ta nemi bidiyo ba ta kafa masa shinge ba. Ta sa kowa ta fito da waya ta goge a gabanta, ɗaya bayan ɗaya, har Rufaida, har ita kanta. Ni dai na ce ihu bayan hari ne, na kuma ƙare wa kowa kallo ko zan gane munafukar, amma duk sun sunkuyar da kai.

Muka ɗunguma mu uku zuwa ƙauyen ba da haƙuri, da goro da sabulu, muka biya ta wajen matar liman ta raka mu. Iya Safara'u ta karɓe mu da mutunci, ta ba mu ruwa, ta amsa gaisuwa har ƙarshe. Ba ta yi faɗa ba, kuma wallahi da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce ita ba ta riƙe mu ba. Ta ce ita ma ta haifi ɗan fari, ta san abin da ke cikin ƙirji, amma ta danne, kuma bai lalace ba. Yanzu kuwa duk ƙauye an san surukarta ba ta da ta ido, Malam Mudi ya daina zama a dakalin masallaci saboda yara na bin bayansa da waƙar kaza. Dama ɗan fari na kakanni ne da goggonni. Sun yanke shawara a yaye shi a kai shi Kiru wurin ƙanwar Malam, ta riƙe shi ya tashi a can, ƙurar ta lafa.

Malama Husna ta durƙusa har ƙasa ta ce yaron bai isa yaye ba, a bar shi ko zuwa bayan girbi. Matar liman ta sa baki. Rufaida ta ce a hore ta ita, a hana ta shiga garin har abada, amma a bar wa Bushira ɗanta. Iya ta dube ta da tausayi ta ce, "'Yar nan, maza sun riga sun gama magana." Duk wannan Bushira na ɗaki, labule a sake, ko motsinta ba mu ji ba.

Aka tafi da shi a wannan makon. Maƙwabciya ce ta ba ni labari: an shafa wa uwar maɗaci a nono, ƙanwar Malam ɗin ta goya shi ta hau babur, yana ta miƙa hannu yana tsala ihu. Bushira na bakin turmi tana surfe, ba ta ɗaga kai ba, domin ko a ranar bai kamata a ga ta damu ba. Wai sai da aka karɓe taɓaryar daga hannunta, saboda dawar ta riga ta zama gari.

Rufaida ta daina fitowa aiki. Ta koma Bebeji ta kashe waya. Malama Husna ta bi ta har gida, ta kuma bi ta, ba ta yi mata wa'azi ba, zama kawai take yi tare da ita. Ni ba ni da wannan haƙurin. Da na je na ce mata ta tashi, kukan da take yi a ɗakin uwarta ba zai dawo da kowa daga Kiru ba, kuma akwai wadda ta fi ta shiga uku tana can ba mai ce mata sannu. Ta ce da wane ido za ta kalli Bushira. Na ce da waɗannan biyun da Allah ya ba ta. Na faɗa da zafi, har sai da ta tashi ta ɗauki hijabinta.

Muka isa gidan su Bushira da hantsi kamar da. Gidan tsit, ba kowa sai awaki. Muka yi sallama ba a amsa ba, na leƙa bayan rumbu, ga ta zaune kan ƙirare. Ta rame, idanu sun faɗa, gaban rigarta a jiƙe da nonon da ya ƙi tsayawa. Rufaida ta zube a gabanta tana ta neman gafara, maganar ma ba ta fita daidai. Na zata Bushira za ta zage mu, kuma na shirya karɓa. Sai ta kama hannun Rufaida ta ɗaga ta, ta ce ta daina, ita ba ta taɓa jin daɗi a gidan nan irin na watannin nan ba. Ta tambaye mu ko Kiru da nisa. Na ce ba nisa sosai. Ta gyaɗa kai, ta san ko kusa ne ba za ta iya cewa a kai ta ba.

Sai ta waiga ta duba hanya, ta matso, ta rage murya.

"Anti Rufaida, wayar tana hannunki?"

Rufaida ta ce tana nan.

"Kunna mini shi in gani. Sau ɗaya kawai. Kowa a garin nan ya gani, ni ban taɓa gani ba."

Rufaida ta dube ni. Na kau da kai. Ta buɗe baki da ƙyar ta ce an goge, duk mun goge, don a kare mutuncinta.

"Duka?"

"Duka."

Bushira ta ƙura wa wayar da ke hannun Rufaida ido. Can ta ce ba komai, Allah ya saka da alheri. Ta miƙe ta gyara ɗaurin zane, ta ce bari ta je ta ɗora sanwa kafin su Iya su dawo.