Tarin Mai Labarai

Tun kafin Auta ta haihu mahaifinta yake tari, kuma tun lokacin yake musun cewa yana yi. Matarsa ta ji laifin ya faɗa kan fanka, ya faɗa kan turarenta, ya faɗa kan maƙwabcin da ke ƙona shara. Ita dai abin da ta sani, idan ya sarƙe shi a banɗaki sai ya yi ta yi kamar za a zaro masa hanji, daga ƙarshe ya ja numfashi da wata ƙara irin ta tsohuwar ƙofa.

Da ta ce masa anya ba tarin shiƙa ba ne, har tsayawa ya yi ya gyara wuyan riga. Ya tuna mata cewa shi ne Mai Labarai, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a gidan rediyo yana roƙon iyaye su kai yara rigakafi. Da bakinsa ya sanar wa duniya an ci ƙarfin tarin shiƙa. Cutar da ya karanta labarin mutuwarta ba za ta dawo ta kama shi da furfura ba.

Ranar da aka sallamo Auta daga asibiti, gidan mijinta ya cika. Uwar miji ta kame kan babbar kujera tana ba da umarni kamar ita ta yi naƙudar. Jaririyar kuwa 'yar mitsitsiya, ko isa allurar tarin ba ta yi ba. Mai Labarai ya zauna ya baje murya, yana ba surukai labari tiryan-tiryan, ko gyaran murya babu. Har matarsa ta fara tunanin ko ya warke.

Sai idonta ya sauka kan hannunsa. Babban yatsansa na danne da gwiwarsa, har farcen ya yi fari.

Ta san wannan yatsa. A ɗakin watsa labarai akwai maɓallin da mai karatu ke dannewa idan tari ya taso, ya kashe makirufo, ya yi abinsa, mai sauraro bai sani ba. Mutumin ya yi ritaya, yatsan bai yi ba. A wurinsa tarin da ba a ji ba ba a yi shi ba.

Auta ta miƙo masa jaririyar tana ce mata ga angonki nan, tsoho mai ran ƙarfe. Ya miƙa hannu ɗaya, ɗayan yana nan kan gwiwa.

«Malam, ɗaga yatsan nan tukuna,» in ji matarsa.

«Wane yatsa kuma?»

«Na gwiwa. Ɗaga, sannan ka karɓe ta da hannu biyu.»

Ya harare ta. Ta shiga tsakaninsa da jaririyar ta tsaya. Ya yi ƙoƙarin cewa wani abu, fuskarsa ta kumbura, sai ya tashi da gudu ya yi tsakar gida. Daga can aka jiyo shirin gaba ɗaya, har da ƙarar ƙofar a ƙarshe. Uwar miji ta fizge jikarta ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

A asibiti ma bai saduda ba. Ana zura masa auduga a hanci yana yi wa likita lacca kan tarihin rigakafi. Likita ya bari ya gama, sannan ya ce allurar tana aiki, ita ce ma ke hana jarirai mutuwa, sai dai kariyarta tana sanyi da shekaru. Ƙwayar cutar kuma ba zama ta yi ba. Da aka matsa mata da rigakafi, ire-irenta waɗanda jiki ke saurin ganewa suka ragu, waɗanda suka sauya kama suka samu fili. A jikin babba sai ta zauna kamar tari na banza, har ta samu jaririn da ba a yi wa allura ba.

«Wato ƙarya na karanta wa jama'a?» in ji shi.

Likita ya ce a'a, labarin ne ya ci gaba bayan ya tashi daga aiki. Ya rubuta magani, ya ce kada ya kusanci jaririyar sai ya shanye shi.

Matar tana ta gyaɗa kai, har da cewa ai ta faɗa masa. Tana cikin lissafin yadda za ta kwana gidan Auta ta ƙwace jikarta daga hannun uwar miji, sai wani ɗan tari ya kufce mata. Ƙarami ne, ko kyanwa ta fi shi.

Likita ya ɗago kai. Ya tambaya ɗaki ɗaya suke kwana? Ya jawo wata audugar.

A hanyar gida Mai Labarai sai murmushi yake ta yi. Matarsa ta kira Auta a waya, ta ce jaririyar fa? Aka ce lafiya lau take barci a bayan uwar miji, wadda ta ce su sha magani a hankali, babu gaggawa.