Wanda Kofur Ya Zo Nema

Takalmin dama kawai Cuthbert ya goge, don shi yake miƙewa waje idan ya zauna a bakin ƙofa. Tun safe ya sanar da kowa a gidan hayarmu na unguwar Belmont cewa yau za a kama shi. Har ya ɗaure guzuri, burodi da busasshen kifi.

A wancan zamanin na mulkin Turawa mawaƙin kalifso, waƙar zambo da habaici, ba ya hawa dandali sai ya kai baitukansa ofishin 'yan sanda an duba. Wanda kuwa aka tsare ko da kwana ɗaya ne, kasuwarsa ta buɗe, rumfar waƙarsa cika take har titi. Cuthbert ya daɗe yana zagin Turawa ba wanda ya kula, rumfarsa daga shi sai masu fakewa ruwan sama. Bana ya ƙi kai baitukan, ya hau ya zage Gwamna da matarsa da karensu tas.

"Inna Eudora, ki kula mini da kajina in an tafi da ni," ya ce wa tsohuwar ɗakin kusa da nasa.

"Kajin da ka cinye tun Kirsimeti?" Ba ta ɗago daga kan wankinta ba.

Cuthbert ya ce, "Ku dai ku yi ta kaɗa ƙararrawa da asuba. Mu ne muke fuskantar gwamnati ido da ido."

Inna 'yar cocin nan ce da doka ta haramta, masu ibada da ƙararrawa da kyandir da ɗaga murya. Ta ci gaba da wankinta.

Da hantsi Kofur Prescod na 'yan sanda ya shigo. Mata suka bar girki, aka leƙo ta tagogi. Cuthbert ya miƙe, ya gyara hula, ya miƙa hannu biyu da ƙullin guzurinsa rataye a yatsa.

"Cuthbert, mutumina," in ji Kofur. "Waƙar karen nan ta kashe Sufeto da dariya. Ya ce ka zo ka rera mana ita a liyafar ƙarshen shekara."

"Ban fa kai an duba ba, Kofur. Na karya doka."

"Wa zai ɓata lokaci a kan taka? Ɗan matsa."

Ya wuce shi zuwa bakin bahon wankin Inna, ya cire hularsa.

"Inna, an sake jin ƙararrawa. Wannan karon alƙali ba zai karɓi tara ba."

Inna Eudora ta matse rigar da ke hannunta, ta shanya, ta goge hannu a zaninta. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙararrawar naɗe a ɗankwali. Cuthbert yana nan tsaye, hannayensa a miƙe, ya rasa inda zai sa su. Da ta zo gabansa sai ta zare ƙullin guzurin daga yatsansa, ta ɗora a ka, ta fice. Kofur ya bi bayanta.