Dubu Talatin da Biyu Ƙasa da Sifili

Allon na'urar ƙidaya ya ce masana'antar ta cika kwalabe dubu talatin da biyu da ɗari bakwai da sittin da takwas ƙasa da sifili. Manaja ya kalli allon, ya kalli kwalaben da ke wucewa cike fal da ruwa abinsu.

"Wato wani ya shanye abin da ba mu yi ba tukuna?"

An yi taro. Baba Waƙafi, wanda ya shekara sha tara yana rubuta wa injiniyoyi littafin bayani, an kira shi ne kawai ya rubuta abin da aka tattauna. Wadda ake tuhuma autarsa ce, ita ta tsara manhajar na'urar. Takardar sallamarta na kan tebur, sa hannu take jira.

"Ranka ya daɗe, na zaɓi nau'in lamba mai sauri, wanda girman mazubinsa aƙalla bit sha shida ne a ma'aunin kwamfuta," in ji Auta. "Mazubin ne ya cika, ƙidayar ta kifa zuwa ƙasa."

"Sha shida ne girmansa?"

"Aƙalla."

"To nawa ne?"

"Ya danganta da na'urar."

"Saurin fa, yana da shi?"

"Haka dai ake fata."

Manaja ya dafe kai. "Yarinya, digirina biyu. Kada ki sa in yi nadamarsu."

Baba Waƙafi shi ma bai gane ba, amma ya rubuta, don rashin ganewa bai taɓa hana shi rubutu ba. Sai idonsa ya faɗa kan cinyar 'yarsa. Littafinsa na bayani ne a rufe, babban yatsanta na ciki, ta ƙi buɗewa.

Shafi na arba'in da ɗaya. Ya tuna jadawalin girman nau'o'in lamba da ke shafin, ya tuna tsohon shugabansu da ya tsani ganin gurbi babu lamba. Ya tambayi injiniyoyi uku a lokacin, kowa ya ce ya danganta. Da ya gaji, ya tambayi kwamfutar teburinsa, ta ce sittin da huɗu, ya rubuta, ya ja layi. Ashe ita kanta kawai take nufi. 'Yar na'urar kwalabe kuwa, bit sha shida gare ta, ko ɗigo babu a kai.

"Auta, miƙo littafin."

"Baba, ka yi aikinka."

"Shi nake yi. Miƙo."

Ya karanta layin da ƙarfi, sittin da huɗu, har da jan layin. "Ni na rubuta, ranka ya daɗe. Laifinta ɗaya, ta yarda da ubanta."

"To ƙarya ka rubuta?"

"Gaskiya ce. A ofishina."

Manaja ya juya takardar sallama, ya duba bayanta ko akwai bayani. Sunan da ke kai bai dace da mai laifi ba, mai laifin kuma shi kaɗai ya san abin da ke sauran shafukan littafin. Ya cusa ta a aljihun tebur.

"Gyara min shi yau. Lamba nake so."

Baba Waƙafi ya soke sittin da huɗu, ya rubuta: aƙalla sha shida, sauran ka tambayi taka na'urar.

A bakin ƙofa Auta ta rage murya. "Baba, sauran layukan jadawalin fa?"

"Duk rana ɗaya na auna su, a kwamfutar teburina."

Ta juya da gudu ta nufi ɗakin injina.