Tsakuwa a Ƙodar Harisu

Safiyatu ba ta ji ciwo ko kaɗan ba, shi ya sa ta yi jinkirin ganewa. Fitsarinta ne ya fara raguwa, sannan ya koma ja kamar ruwan zoɓo, daga baya ƙafafunta suka ɗan tasa. Tana tsaye a gaban injin niƙanta a Daura, tana juye dawar wata maƙwabciya, ta ji takalminta ya matse ta. Ta san wannan kumburin. Da shi ciwonta na farko ya fara, wanda ya kai ta ga wankin ƙoda har na tsawon shekara biyu, kafin ƙaninta Harisu ya ba ta ƙodarsa guda aka dasa mata a Kano.

Ta kashe injin, ta kira Harisu a waya. Yana Kwangwalam yana lodin raguna, ya bar wa abokin cinikinsa ya taho. Washegari suka shiga motar Kano.

Likitar da ke duba ta tun bayan dashen, Dokta Lubna, ta sa aka yi mata hoto, sannan ta juyo da allon ta nuna musu wasu fararen ɗige-ɗige.

"Tsakuwa ce," in ji ta. "Ta taru a inda aka ɗinke bututun sabuwar ƙodar da mafitsara. Wurin ya ɗan tsuke, fitsari yana kwanciya, sai ta ƙulla. Yakan faru bayan irin wannan aikin. Ƙodar da aka dasa ba ta da jijiyar da za ta sanar da ke ciwo, shi ya sa ba ki ji komai ba."

"To a cire ta," in ji Safiyatu.

"Za a cire. Yau za mu sa miki siririn bututu ya buɗe hanya, ki koma gida ki shanye maganin zazzaɓin da ya fara kama ki. Mako mai zuwa ki dawo a fasa ta. Amma kada ki sha wani abu da ba mu muka ba ki ba."

A hanyar dawowa, bayan sun wuce Kazaure, Harisu ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Yaya, ashe mai tsakuwa na ba ki."

"Kai, rufe mini baki. Ba ka ji abin da likita ta ce ba? Ɗinki ne ya tsuke. Ƙodarka lafiyarta ƙalau, ni na san aikin da take yi mini."

Labari ya riga su isa gida. Kawu Badaru, yayan mahaifiyarsu kuma babba a dangi tun rasuwar mahaifinsu, ya zo washegari da hantsi yana riƙe da jarka cike da jiƙo baƙi ƙirin. Shi ne tun farko ya ce bai yarda a yanka yaro mai lafiya ba, kuma ranar dashen ko asibiti bai leƙa ba. Safiyatu ta durƙusa ta gaishe shi, ta shimfiɗa masa darduma.

"Ai na faɗa," in ji shi. "Na ce a bar jiki yadda aka halicce shi, kuka ƙi. Yau ga shi. An raba yaro da ƙodarsa, ke kuma an cika miki ciki da duwatsu. To ya isa haka. Ga wannan daga wajen wani mutumin Baure na karɓo, yana narkar da tsakuwa cikin kwanaki kaɗan. Babu mai sake kai ki a farke ki."

"Na gode, Kawu. Amma ba zan sha ba."

Ya ɗago kai kamar bai ji daidai ba. "Me kika ce?"

"Na ce ba zan sha ba. Ban san abin da ke cikin jarkar nan ba, kai ma ba ka sani ba. Da ƙodata ce ta haihuwa, da sai in rufe ido in kurɓa don in faranta maka. Wannan kuwa ta Harisu ce. Ya kwanta an yanke shi saboda ni, matarsa tana da tsohon ciki a lokacin. Ba zan zuba mata abin da zai ƙona ta ba."

"Ni kike gaya wa haka, Safiya?"

"Kai nake gaya wa, Kawu, kuma ka yi haƙuri. Shekara biyu ina kwance inji yana juya mini jini, ko ruwa sai an auna mini a kofi. Yanzu ina tashi in yi niƙana, in kai 'ya'yana makaranta da ƙafata. Tsakuwa ba za ta mayar da ni can ba. In sau goma za ta dawo, sau goma zan koma a fasa ta."

Kawu ya juya ga Harisu, wanda ke zaune a bakin ƙofa. "Kai ma da bakinka a ciki?"

Harisu ya sunkuyar da kai, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ni zan kai ta, Kawu."

Dattijon ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya ce duk abin da ya biyo baya babu ruwansa. Jarkar ma a nan ya bar ta. Safiyatu ta ɗauke ta da kanta ta bi shi har zaure, ta rataya masa a jikin babur.

Aikin bai zo da sauƙin da aka zata ba. Ba a yanka ta ba, ta hanyar fitsari aka shigar da na'ura aka farfasa tsakuwar, aka buɗa wurin da ya tsuke. Amma zazzaɓi mai zafi ya rufe ta bayan nan, har aka ƙara mata kwanaki a gadon asibiti. Wata mata da ke gadon kusa, da ta ji labarin, ta ce da ita ce da ta haƙura da aikin tun farko. Safiyatu, haƙoranta na karo da juna, ta ce, "To Allah ya sa ba ke ba ce."

Ranar da za a sallame ta, Dokta Lubna ta gaya mata gaskiya: tsakuwar na iya dawowa, don haka ta riƙa shan ruwa da yawa, ta rage gishiri, ta riƙa zuwa hoto a kan lokaci. Safiyatu ta ce ta ji, sannan ta tsaya kai da fata sai an yi wa Harisu hoto shi ma. Ya yi ta gunaguni cewa ragunansa na jiransa, amma ya kwanta aka duba. Tasa ƙodar ba ko ɗigo.

Kawu Badaru ya yi wata uku bai taka gidanta ba. Ita kuwa duk Juma'a sai ta je ta gaishe shi, ya amsa a taƙaice yana kallon bango, ta tashi ta koma bakin injinta.