Yankin Gwaggo

Ni ce mai haɗi a ƙungiyarmu ta masu saƙa. Kowa ta kawo yankin da ta saƙa, ni zan jera su in ɗinke su zama bargo guda. Shekara tara ke nan, kuma ban taɓa barin karkataccen abu ya fita daga hannuna ba. Ana cewa na cika tsanani. Su yi ta faɗa.

Ɗakinmu yana saman wani shagon magani. Matakala goma sha huɗu, fanka ɗaya mai ƙara, sai dogon tebur da muka rufe da leda. Duk Laraba da yamma muke haɗuwa, mu goma sha biyu. Ƙa'idarmu ita ce, idan za a samu ƙaruwa a gidan ɗayarmu, kowa ta saƙa yanki ɗaya mai kusurwa huɗu, a haɗa wa jariri bargo.

Wannan karon gidan Gwaggo ne, jikarta ke da tsohon ciki. Ba gwaggon kowa ba ce a cikinmu, amma haka muke kiranta. Ita ta kafa ƙungiyar, ita ta koya min riƙon kwarashi lokacin ko zare ban iya naɗewa ba. Yanzu ido ya yi mata nisa, hannu kuma rawa yake yi. Sai mutum biyu sun riƙe ta take hawa matakalar nan.

Shugabarmu ta lallaba ta ce, "Gwaggo, ki huta, mu za mu yi naki."

"Jikata za ta haihu, ni kuma in huta?" in ji Gwaggo. "Miƙo min zaren nan ruwan ɗorawa."

Sati uku ta yi tana fama da abin da a da take gamawa kafin shayi ya huce. Ranar da ta kawo, kowa ta ce ya yi kyau. Ƙarya muka yi mu duka. Gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ga ramuka inda ta tsallake idon saƙa, ga ƙulli a tsakiya kamar ƙwayar wake.

Na tafi da yankunan gida na baza a kan gado. Sha ɗaya sun zauna daram, na Gwaggo ya ƙi. Na jiƙa shi, na ja, na kafe shi da fil, yana bushewa ya koma yadda yake. Raina ya ɓaci, amma wallahi ba da ita ba. Tausayi ne ya kama ni. Na tuna rigunan da matar nan ta saƙa da hannunta, na ce ba zan bari surukan jikarta su ɗaga bargo su yi mata dariya ba. Sai na warware shi tas, na sake saƙawa da zaren nata. Ko awa ɗaya ban yi ba. Har ina jin daɗi wai na rufa mata asiri.

Da Laraba ta zagayo na shimfiɗa bargon a kan tebur. Aka yi ta yabo. Aka matso wa Gwaggo kujera, ta ɗora tafin hannunta tana shafawa a hankali.

"Wannan na Malama ne," ta ce, "tana matse zare kamar yadda take matse 'yan ajinta." Aka yi dariya. "Wannan na Amarya ne, sakwa-sakwa, hankalinta na wajen waya. Wannan na Shugaba."

Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ba ta kuskure ko guda ba. Ta zo kan ruwan ɗorawa ta wuce. Ta kai ƙarshe, ta sake dawowa daga farko. Dariyar ta ɗauke.

"'Yar nan," ta ce da ni, "ina nawa?"

"Ga shi nan a tsakiya, Gwaggo." Na kama hannunta na ɗora a kai.

Ta murza shi tsakanin yatsu biyu, ta daɗe.

"Zaren nawa ne," ta ce. "Hannun naki ne. Kina jan zare da ƙarfi a kusurwa, tun ranar da na fara koya miki."

Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Ba ta ko ɗaga murya ba.

"Na san da ramuka. Bakwai ne, na ƙirga su da yatsa. Ban sani ba ko zan kai in saƙa wa ɗan nan wani abu kuma. So nake in ya yi wayo a nuna masa, a ce nan wurin hannun kakar uwarka ne."

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Na jawo almakashi.

Shugaba ta riƙe min hannu ta ce ƙasa-ƙasa, "Haihuwar fa yau ko gobe ce. In kin farke, wani sati ukun ne."

"Jariri ya jira," na ce. "Ai ba sanyi ne zai cinye shi ba."

Na yanke ɗinkin gefe huɗu, na zare yankin, bargon ya zauna da taga a tsakiya. Na warware saƙata mai kyau har ƙarshe, na naɗe zaren, duk ya yi lanƙwasa-lanƙwasa. Na sa mata kwarashi a hannu, na jawo kujera kusa da ita na riƙe mata dunƙulen.

Ta fara. Hannun na rawa, kwarashin na neman ido yana kuskurewa. A layi na biyu na ga ta tsallake. Hannuna ya ɗaga da kansa, na maido shi kan cinyata na danne da ɗayan.

Ashe ta ji motsina. Ba ta ɗago ba ta ce, "Na tsallake ko?"

"Kin tsallake biyu, Gwaggo."

"Za ki iya haɗa shi a haka?"

"Zan haɗa shi," na ce.

"To sakar min zare, kin riƙe shi da ƙarfi."

Na sakar mata.